Nawa Ya Rage a Batirin? Lissafin da Masu Litiyam a Kano Ke Tsallakewa

Wanda ya tsaya da la'asar sakaliya a bakin Titin Zariya, tsakanin Gadar Dangi da ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zai ga adaidaita sahu na kwarara babu ƙaƙƙautawa, kowace da ƙararta da hayaƙinta. Jefi-jefi kuma sai wata ta wuce shiru, ba salansa ba warin fetur. Waɗannan su ne masu aiki da lantarki, kuma ko da yake har yanzu 'yan tsiraru ne, ba su zama abin kallo kamar da ba. Idan mutum ya kutsa cikin lungunan Babban Giji ko Gyadi-Gyadi ya ɗaga kai, zai tarar da farantan sola a kan rufin gidaje, da na masu kemis, da na masu sayar da lemo da ruwan sanyi. Abin da ya haɗa direban da mai shagon shi ne wani akwati mai nauyi da suka biya kuɗi masu yawa kafin su mallaka, wato batirin litiyam, da kuma tambayar da kowannensu ke yi wa kansa idan rana ta yi nisa: nawa ya rage a ciki? Direba na son ya san ko zai kai fasinjan Hotoro ya dawo gida lafiya. Mai shago na son ya san ko firjinsa zai kai asuba.

Yawancin mutane suna neman amsar a wuri biyu: rubutun da ke jikin akwatin, da sandunan da ke haskawa a ɗan allon da ke gabansu. Duka biyun shaidu ne masu rauni, kuma a kan litiyam rauninsu ya fi yadda aka saba gani a tsohon batirin ruwa. Wanda yake son ya san abin da ya rage masa a doguwar rana, dole ya ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma ma'aunin da zai yi aiki da shi yana maƙale a bangon gidansa tun tuni: yunit ɗin mitar wuta.

Yadda litiyam ya shigo gari

Abubuwa uku ne suka tura Kanawa ga wannan batir cikin ɗan lokaci. Na farko shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ta haura dubu a ƙarshen 2024. Birnin da ya dogara da adaidaita sahu tun bayan hana acaɓa a Janairun 2013 ya ji wannan a jikinsa nan take. Na biyu shi ne ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, lokacin da aka mayar da yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A, kafin a ɗan rage daga baya. Na uku kuwa shi ne duhun da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda a ƙarshen Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, har cajin waya ya zama abin bin layi. A daidai wannan lokaci farashin batirin litiyam a kasuwar duniya yana ta faɗuwa. Ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa yau, galibi saboda manyan masana'antun ƙasar Sin irin su CATL da BYD.

Nau'in da ya fi yawa a gidajen Kano da kekunan zamani shi ne wanda ake rubuta wa LiFePO4, mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda John Goodenough da abokan aikinsa suka bayyana a Jami'ar Texas a wajejen 1997. Ya fi sauran nau'o'in litiyam jure zafi da wuyar kamawa da wuta, kuma yana ɗaukar caji sau dubbai kafin ya gaji. Ya cancanci yabon da ake yi masa. Sai dai mutane sun sayi sabon kaya suna karanta shi da tsohon ido, idon da suka saba duban tubula da batirin mota da shi.

Rubutun jikin akwati

Ɗan kasuwa zai ce wannan "am ɗari" ne, wancan "am ɗari biyu", mai saye kuma ya ɗauka na biyun ya ninka na farko. Ba lallai ba ne. Lambar da ake rubutawa 100Ah rabin labari ce, sai an ninka ta da bolt ɗin batirin kafin a san abin da ke ciki. Batir mai bolt 12.8 da 100Ah yana riƙe da wat-awa 1,280, wato yunit ɗaya da kwata da ɗan ɗoriya. Mai bolt 51.2 da wannan 100Ah ɗin yana riƙe da wat-awa 5,120, sama da yunit biyar. Lamba iri ɗaya a jiki, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu. Tubula mai 200Ah a bolt 12 kuwa kusan yunit biyu da rabi ne a takarda, amma idan ana son ya daɗe ba a zuƙe fiye da rabinsa, kuma yawan jan wuta da ƙarfi yana ƙara rage abin da zai bayar, kamar yadda Bajamushe Wilhelm Peukert ya nuna tun 1897. Litiyam bai cika damuwa da wannan ba, kuma ana iya cin kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa. Saboda haka mataki na farko shi ne a mayar da kowane batir yunit. Wanda ya san yunit biyar na mita kwana nawa suke yi masa a gida, ya riga ya san rabin ilimin batir.

Wannan lissafi yana tafiya daidai ne idan rubutun gaskiya ne, kuma idan batirin sabo ne. A kasuwanninmu akwai masu kyau, akwai kuma waɗanda aka harhaɗa da ƙwayoyin da masana'anta ta ware saboda ba su cika awo ba, ko waɗanda aka ciro daga tsofaffin kaya aka sa musu sabuwar riga. Tunda ƙwayoyin a jere suke, huɗu a ƙaramin batir, goma sha shida a babba, mafi rauni a cikinsu ita ke yanke hukunci: da zarar ta ƙare, na'urar tsaron da ke ciki, wadda masu sana'ar ke kira BMS, za ta datse wuta ko da sauran suna da saura. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona wani ɓangare na asirin, wato sikeli. Batirin LiFePO4 na gaske mai bolt 12.8 da 100Ah yana kai kilo 10 zuwa 13, mai yunit biyar kuwa kilo 40 zuwa 50. Wanda aka ce yunit biyar ne amma yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya, a ajiye shi. Nauyi kaɗai ba ya wanke batir, domin mai ha'inci na iya cusa wani abu a ciki, amma rashin nauyi hujja ce. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da aka rubuta a buhu sai ya ga kwanon awo. Abin mamaki ne mutum ya biya kuɗin buhuna da yawa a kan akwatin da bai ga an auna ba.

Ga kuma tsufa. Zafin Kano daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, ba ya rage abin da batir zai bayar a ranar, amma yana cin shekarunsa a ɓoye. Batirin da ke yini a ƙarƙashin kujerar keke, ko a ɗakin kwano marar taga, ko wanda ake jona wa caja yana zafi bayan an dawo daga aiki, zai riga na ɗaki mai iska gajiya. Yawancin masu ƙerawa suna gargaɗin kada a yi caji idan zafinsa ya wuce digiri 45. Yunit biyar na ranar saye suna iya zama huɗu bayan 'yan shekaru, rubutun jikin akwatin kuwa yana nan yadda yake.

Allon da ke kwantar da hankali

A nan ne mafi yawan direbobi ke shan mamaki. Tsohon batirin ruwa yana faɗin halin da yake ciki ta bolt ɗinsa: idan ya huta, 12.7 na nufin a cike yake, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Saukarsa a hankali take, kowane mai rewaya na karanta ta da mitarsa. LiFePO4 ba haka halinsa yake ba. Daga kusan kashi 90 har zuwa kusan kashi 20, bolt ɗinsa ba ya motsi sai kaɗan, daga wajen 13.3 zuwa wajen 13.0 a ƙaramin batir. Kashi 70 na dukan abin da ke ciki yana ɓoye a cikin tazarar da ba ta kai sulusin bolt ɗaya ba, tazarar da mita mai arha ke iya kuskure ta gaba ɗaya. Daga nan kuma sai ya faɗi gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Allo mai sanduna da ke hasashe daga bolt zai nuna komai lafiya tun safe har la'asar, sa'annan ya tashi daga sanda uku zuwa babu tsakanin Unguwa Uku da Na'ibawa. Direba ya ce batirin ya yaudare shi, alhali batirin ya ba da duk abin da ke gare shi; allon ne bai iya karanta shi ba.

Abin ya ƙara rikicewa saboda bolt yana canjawa da aikin da ake yi a lokacin. Idan keke na hawa gada da cikakken lodi, lambar za ta nutse, a tsaya kuma ta dawo. Idan yanzu aka cire caja, ko rana na dukan farantin sola, lambar za ta kumbura ta nuna cika alhali ba a cika ba. Karatun bolt ba ya da ma'ana sai batir ya huta kamar rabin awa babu shiga babu fita, kuma ko a lokacin ma iyakar abin da zai tabbatar shi ne an cika ko an kusa ƙarewa. Direban haya kuwa ba shi da rabin awar da zai ba batir ya huta don kawai ya ji labarinsa.

Maganin shi ne na'urar da ke ƙirga wutar kanta, wadda ake ɗaurawa a kan wayar baƙin kan batir, ana kiranta shant. Duk abin da ya fita sai ta rage, duk abin da ya shiga sai ta ƙara, kamar dai mitar kati. Batura masu inganci suna zuwa da irinta a cikin BMS, har ana duba kason a waya. Amma ita ma tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ya shafi Kano kai tsaye. Ƙananan kurakurai suna taruwa a lissafinta kullum, musamman daga ƙananan kaya irin fitila da cajar waya waɗanda wasu na'urorin ba sa ma jin jansu, kuma ba ta gyara kanta sai an cika batir taf. A unguwar da ake kawo wuta awa biyu a ɗauke, batir na iya yin makonni bai cika ba, sai kashi 40 ɗin da ke allo ya zama 25 a zahiri. Cika batir har caja ta tsaya da kanta, aƙalla sau ɗaya a mako, shi ne ke daidaita lissafin, kuma a wannan lokacin ne ƙwayoyin ke daidaita da juna.

Kilomita nawa yunit ɗaya ke kaiwa

Idan an san abin da ke ciki, saura a san yadda yake fita. Alƙaluman da kamfanoni masu ƙera kekunan lantarki a Indiya ke bayarwa, irin su Mahindra da Piaggio, suna nuna wat-awa 55 zuwa 70 a kowace kilomita. Wannan awo ne na titi mai kyau da lodi daidai ƙa'ida. Kano tana da sa'ar zama shimfiɗaɗɗen gari, amma tana karɓe sa'ar ta wasu hanyoyi: fasinja uku a baya da ɗaya ko biyu a gefen direba, katan-katan daga Singa, dilar atamfa daga Kwari, tsaya-tashi a cunkoson Kotu Rod, ramuka da taɓon damina a cikin unguwa, da tayar da ba ta da isasshiyar iska. Kowane tashi daga tsaye yana cin wuta fiye da tafiya a miƙe. Mai hankali zai yi lissafinsa da wat-awa 80 zuwa 100 har sai nasa awon ya nuna masa wani abu dabam.

A ɗauki keke mai yunit biyar. A ware rabin yunit ko fiye na komawa gida, saura kamar huɗu da rabi. Da lodi marar nauyi wannan zai kai kilomita 60 da 'yan kai. Da lodin Kano zai tsaya a wajen 45 zuwa 55. Idan batirin ya tsufa ya koma yunit huɗu, a cire goma ko fiye daga kowace lamba. Direban da ke fita bayan asuba ya tashi bayan isha yana iya wuce wannan nesa ba kusa ba, ke nan cajin tsakar rana ko musayar batir wani ɓangare ne na sana'ar, dole a sa shi a lissafin balans tun kafin a sa hannu a takardar biya kaɗan-kaɗan. Ribar tana nan: cika yunit biyar, har da asarar caja, bai wuce yunit shida na mita ba, kimanin naira 1,300 a farashin rukunin A na 2024, alhali fetur ɗin tafiya irin wannan ya kai lita biyu ko fiye. Amma idan da janareta za a yi cajin, yawancin ribar ta koma gidan mai.

Cajin kan hanya

Akwai wani zato da ya yaɗu, cewa batir na cika kansa muddin ana tafiya. Farantin sola mai wat 300 a kan rufin keke, a rana mai kyau, zai iya tara yunit ɗaya ko da ɗan ɗori, wato kilomita goma zuwa goma sha biyar. Taimako ne, amma ba ya maye gurbin caja. Lambar da ke jikin faranti an auna ta ne a zafin digiri 25, kuma yana asarar kusan kashi 4 cikin ɗari a kowane ƙarin digiri goma. Ga ƙurar hunturu, ga inuwar gine-gine da bishiyoyin darbejiya da direba ke neman fakewa a ƙarƙashinsu.

Masu doguwar tafiya su ma suna da irin nasu zaton. A Amurka, inda iyalai ke jan tirela mai ɗakin kwana da firji a bayan mota, an daɗe da gane cewa siririyar wayar da ke kai wuta daga mota zuwa tirela ba ta wuce amfiya 5 zuwa 10, saboda tsawonta yana cinye bolt ɗin kafin ya isa. Amfiya 10 a bolt 13 na tsawon awa takwas yunit ɗaya ne kacal, kuma firjin da ke aiki a hanya ya riga ya ci sulusinsa ko rabinsa. Mutum ya yini yana tuƙi, ya sauka da dare ya tarar da batirin kusan inda ya baro shi. Darasin ya shafi direban babbar mota da ke tafiyar kilomita kusan dubu daga Kano zuwa Legas da ɗan firji da fanka, da mai kai kifi ko magani a akwatin sanyi, da motar talla mai lasifika. Ƙara kaurin waya a jona kai tsaye kuwa haɗari ne ta ɗaya gefen, domin litiyam yana zuƙar duk abin da aka ba shi, kuma yana iya ƙona altaneta, musamman idan inji na silo a cunkoso. Abin da ya dace shi ne cajar da ake kira DC-DC, mai iyakance jan wutar a amfiya 20 ko 30 ko 40. Da ita lissafi ke zama mai sauƙi: amfiya 30 na awa huɗu sun cika batir mai 100Ah da ya kusa ƙarewa, in ba a jan komai daga gare shi.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce duk wannan lissafin 'yan boko ne, direba ya san kekensa, gogewa ta ishe shi. Akwai gaskiya a ciki. Direban da ya san cewa sawu shida tsakanin Tarauni da Bata ke ƙarar da cajinsa, lissafi yake yi ko da bai kira shi da sunan ba. Sai dai gogewar jiya tana aiki ne idan yau ta yi kama da jiya, kuma batir yana raguwa a hankali yadda ido ba ya gani, lodi kuma yana canjawa. Batun cewa lissafin ya fi ƙarfinsa kuma raini ne kawai. Mutumin da ke riƙe kuɗin fasinja biyar masu sauka wurare dabam-dabam a kansa, ya cire na mai, na balans, na tikitin KAROTA, ba zai gagara raba yunit da kilomita ba. Abin da ya rasa shi ne allon da ke ba shi lamba ta gaskiya.

Wani kuma zai ce na'urar ƙirgan ƙarin kuɗi ce a kan kayan da tuni ya yi tsada. Haka ne, amma kuɗinta ɗan ƙanƙanin kaso ne na kuɗin batirin, kuma ita kaɗai ke iya nuna wa mai shi, tun garanti bai ƙare ba, cewa yunit biyar ɗin da ya biya uku da rabi ne. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa tashoshin musayar batir za su kawar da matsalar, tunda direba zai ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke. Tsarin yana da kyau, yana kuma ɗauke wa direba nauyin tsufan batir. Amma yana mayar da tambayar wani wuri ne kawai: cikakken tsohon batir da cikakken sabo duka kashi ɗari suke nunawa, alhali tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Idan kuɗin musaya ɗaya ne, wanda rabonsa ya faɗa kan tsoho ya biya wa wani. Adalci shi ne a caji direba a kan yunit ɗin da ya ci.

A ganina nauyi mafi girma yana kan masu sayarwa. Gwada batir ba abu ne mai wuya ba: a cika shi, a jona masa kaya mai sanannen ci, a ƙirga har BMS ta datse. Na'urar yin wannan ba ta fi ƙarfin shagon sola mai matsakaicin jari ba, kuma aikin na 'yan awanni ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar sola a Sabon Gari da sauran wurare suna iya mayar da shi sharaɗi a tsakaninsu tun kafin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ko masu kare haƙƙin mai saye su tilasta, kuma mai gaskiya a cikinsu shi zai fi kowa cin moriya, domin a yanzu kayansa da na mai ha'inci rubutu ɗaya suke ɗauke da shi, na mai ha'incin kuma ya fi arha. Rasit ɗin batir ya kamata ya nuna abu huɗu: bolt, yunit ɗin da aka auna a gaban mai saye, ranar awon, da kason da idan batirin ya sauka ƙasa da shi cikin wa'adin garanti za a canja shi.